Ku Koma Aji, Ilimin Ɗan Tayi Na Jiranku

Kafin mace ta tabbatar da cewa ɓatan watan da ta yi ciki ne, an riga an yi nisa da babban aiki a cikinta. A wajajen kwana na 22 da haɗuwar ƙwanta da maniyyin mijinta, zuciyar ɗan tayi ta fara bugawa, alhali tsawonsa gaba ɗaya bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. A wajajen kwana na 28, wani siririn bututu da ke gadon bayansa, wanda daga gare shi ƙwaƙwalwa da laka za su fito, ya kamata a ce ya rufe ruf, kamar an ja zif ɗin riga. Idan ta sama ya ƙi rufewa, sai a haifi jariri babu cikakken ƙoƙon kai, kuma ba ya rayuwa. Idan ta ƙasa ne, sai a haife shi da ƙullutu a baya, ƙafafu a shanye, sau da yawa kuma kai ya riƙa tara ruwa yana ƙara girma. Zuwa ƙarshen mako na 8 an aza harsashin kusan kowace gaɓa ta jiki. Matanmu kuwa, waɗanda ma suke zuwa awo, yawanci sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar suke fara taka ƙofar asibiti.

Da ku nake, 'yan uwana ma'aikata. Ke ungozoma da kika karɓi irin wannan haihuwa da tsakar dare, kika rasa da wane baki za ki gaya wa uwar. Kai ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje da ka shekara goma kana leƙa madubi kana ƙidaya ƙwayoyin jini da na maniyyi. Kai malamin bayoloji da kake zana wa 'yan sakandare hoton mahaifa a allo da alli. Likitan dabbobi, mai koyarwa a kwalejin kiwon lafiya, ƙaramin malamin jami'a da aka ɗauka da digiri ɗaya aka bar shi da tulin takardun jarrabawa. Akwai fannin ilimi sukutum da aikinsa shi ne gano abin da ke faruwa a waɗannan makonni, ana yin digiri na biyu da na uku a cikinsa, kuma ku ne kuka fi kowa cancantar shiga.

Kun san abin da ake cewa a unguwa idan aka yi irin wannan haihuwa. A ce ɗan ruwa ne. A ce uwar ta fita da magariba ta gamu da iska, ko kishiya ce ta yi mata asiri. Mace ta sha naƙuda, ta dawo gida ta sha zargi. Haka ma wadda ta shekara biyar ba ta ko yi ɓari ba: ita ake kira juya, ita ake jiƙa wa saiwoyi, ita ake yi wa kishiya ko a sallame ta, alhali likitoci sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan da ba su samu haihuwa ba akwai matsala ta ɓangaren miji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Ta kuma ƙiyasta cewa jarirai kimanin 240,000 ke mutuwa duk shekara a cikin kwana 28 na farko saboda larurar da aka haife su da ita, kuma 9 cikin 10 na yaran da ake haifa da larura mai tsanani a ƙasashe marasa ƙarfi suke. Ciwon a gidajenmu yake, masu bincikensa kuwa yawancinsu suna can wata duniya.

Ku dubi abin da bincike ɗaya ya yi. A 1991 aka fitar da sakamakon wani gwaji da hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ta jagoranta, wanda ya nuna cewa sinadarin folik asid yana rage maimaituwar larurar bututun nan da kusan kashi 70 cikin 100 ga matan da suka taɓa haifar mai ita. Wannan ƙaramar ƙwaya ce da ake bayarwa a kowane ɗakin awo. Amma amfaninta ga bututun sai an fara sha tun kafin ciki ya shiga, maikurogiram 400 kullum, domin in kwana 28 suka wuce an riga an makara. Ashe amarya ya kamata a fara bai wa tun tana lalle. Wanda ya fahimci yadda tayi ke ginuwa shi ne zai iya tsayawa gaban kwamishina ko sarkin gari ya faɗi wannan da hujja, a saurare shi.

Tambayar da fannin ya ginu a kanta ita ce wadda ta fi kowace tambaya tsaya mini a rai. Ƙwayar halitta guda ɗaya ce tak, da kyar ido ke ganinta. Ta rabu biyu, biyu su koma huɗu, a yi ta tafiya har a kai tiriliyoyi. Kusan dukkansu kundin gado iri ɗaya suke ɗauke da shi. To, ta yaya wannan ta san ita ido ce, waccan ta san ita ƙashi ce? Wa ya gaya wa hannu ya tsaya a yatsu biyar? Ta yaya zuciya ta san hagu? Musulminmu sun taso suna jin malamai a tafsirin azumi suna bayanin ayoyin Suratul Mu'minun da suka jero matakan halittar mutum a cikin mahaifa, kowa na jinjina kai yana tasbihi. Al'ummar da ta girma da wannan tunani a kunnenta bai kamata a ce ita ce baƙuwa a ɗakin da ake kallon abin da ido ba.

Kada kuma wani ya raina kundin ɗalibi. A jami'ar Freiburg ta Jamus, wata ɗaliba mai suna Hilde Mangold ta yi aikin digirinta na uku a ƙarƙashin Hans Spemann. Da allurar gilashi da silin gashi take yanko ɗan ƙaramin yanki daga tayin wata halittar ruwa dangin kwaɗo, ta dasa shi a gefen cikin wani tayin. Ta yi gwaji ɗaruruwa, 'yan ƙalilan ne suka rayu. Amma a jikin waɗanda suka rayu sai ga jiki na biyu ya tsiro, da lakarsa. Ta haka aka gane cewa ƙwayoyin halitta suna ba wa juna umarni. An buga aikin a 1924, shekarar da ita kanta ta rasu a gobarar risho tana da ƙuruciya, kuma a kansa aka ba Spemann kyautar Nobel a 1935. Har yau duk mai karanta wannan fanni sai ya bi ta kan kundin wannan ɗaliba.

Na san abin da ke ranku. Shekaru sun ja, ga iyali, ga aiki, wanda ya bar aji tun shekara goma sha biyu ina shi ina gogayya da yaran da suka gama bautar ƙasa jiya? Gemu ba ya hana ilimi, wannan kowa ya sani, amma ni abin da nake so ku gane ya wuce haka. Shekarun da kuka yi a bakin aiki jari ne da yaran nan ba su da shi. Wannan fanni aikin hannu ne da haƙuri. Yana son wanda hannunsa ba ya rawa, wanda ya san tsabta ba sai an tuna masa ba, wanda ya saba rubuta kwanan wata da lamba a jikin kowace kwalba, wanda zai iya tashi ƙarfe uku na dare don tayi ya kai matakin da ake jira. Wanda ya yi aikin dare a ɗakin haihuwa ko a ɗakin jini ya riga ya ci rabin wannan jarrabawa.

Ga Jean Purdy. Nas ce, a asibiti ta koyi aiki. A 1968 ta nemi aikin mataimakiyar bincike wajen Robert Edwards a Cambridge. Shekara goma ita da shi da likitan mata Patrick Steptoe suna ƙoƙarin haɗa ƙwan mace da maniyyi a wajen jiki su mayar cikin mahaifa, suna zirga-zirga tsakanin Cambridge da garin Oldham, ana zaginsu a jaridu, an hana su tallafin gwamnati, dashe bayan dashe yana lalacewa. Ita ce ke haɗa ruwan da ake renon ƙwan a ciki, ita ce ke riƙe da littafin bayanai, kuma ita ce ta fara ganin rabuwar tayin da ya zama Louise Brown, wadda aka haifa ranar 25 ga Yuli, 1978, jaririya ta farko ta hanyar dashen ciki a duniya. Purdy ta rasu a 1985 tana da shekara 39. Ba a sa sunanta a allon tunawa da aka kafa a Oldham ba duk da Edwards ya rubuta yana ƙorafi, sai bayan shekaru masu yawa aka gyara. Wannan rashin adalci yana yi mini zafi, kuma darasinsa gare ku a fili yake: ku yi aikin, ku kuma riƙe takardar shaidar da za ta hana a goge sunanku. Yau yaran da aka haifa ta wannan hanya sun haura miliyan 10.

Ga kuma Ernest Everett Just, baƙar fatar Amurka, a zamanin da manyan jami'o'in ƙasar ba sa ɗaukar baƙaƙen fata aikin koyarwa. Yana koyarwa a jami'ar Howard tun 1907, idan an yi hutun bazara ya tafi cibiyar binciken halittun teku ta Woods Hole ya duƙufa kan ƙwan tsutsotsin ruwa. A haka, da alli a hannu guda da madubi a ɗaya, ya samu digirinsa na uku daga jami'ar Chicago a 1916, har ya zama wanda Turawan da suka raina fatarsa ke zuwa tambaya yadda ake renon ƙwai bai mutu ba. Shinya Yamanaka na Japan ma likitan ƙashi ya fara zama kafin ya koma aji, kuma shi ne a 2006 ya nuna cewa da ƙwayoyin gado huɗu kacal za a iya mayar da ƙwayar fata ta koma irin ta farkon halitta.

Sai maganar kayan aiki, wadda ita ce hujjar da aka fi fakewa da ita. Gaskiya ne ba mu da na'urorin miliyoyin daloli, kuma wuta na ɗaukewa. Amma wannan fanni, fiye da yawancin fannonin kimiyya, da abubuwa masu araha aka gina shi. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi ya ƙyanƙyashe. Ka sa shi a injin ƙyanƙyasa, ka huda ɗan taga a ɓawonsa a kwana na biyu ko na uku, za ka ga zuciya na bugawa da idonka. Tun 1951 Hamburger da Hamilton suka tsara girman ɗan tsako mataki 46, kuma da jadawalinsu ake aiki har gobe. Ƙaramin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba, wanda yake kammala rayuwarsa daga ƙwai zuwa babba cikin kwana 10, da shi Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus suka zauna gaban madubi ɗaya suka gano ƙwayoyin gadon da ke tsara sassan jiki daga kai zuwa jela, suka buga a 1980, aka ba su Nobel a 1995. Daga baya aka ga irin waɗannan ƙwayoyin gado na aiki a jikin ɗan Adam. Wani abin da ya kamata ya tsuma ku: ƙaramin kwaɗon Afirka ta Yamma da ake kira Xenopus tropicalis, wanda ake kiwo a ɗakunan bincike na Turai da Amurka da Japan, da aka karanta kundin gadonsa aka buga a 2010, daga zuriyar da aka ɗauko a Nijeriya aka ɗebi samfurin. Kwaɗonmu ya riga mu shiga wannan fanni.

Kuma an fara a gida. A Ibadan akwai cibiyar da Farfesa Amos Abolaji ya kafa inda ake koya wa ɗalibai bincike da ƙudan nan. A Damaturu, cikin jami'ar jihar Yobe, an buɗe cibiyar BioRTC a 2021 bisa jagorancin Dakta Mahmoud Bukar Maina, wanda a jami'ar Maiduguri ya fara karatun ilimin sassan jiki, kuma can ana horar da matasa aiki da manyan madubai da renon ƙwayoyin halitta. A ɓangaren asibiti, Farfesa Oladapo Ashiru, malamin ilimin sassan jiki, shi da Farfesa Osato Giwa-Osagie suka fara aikin dashen ciki a Legas tun shekarun 1980, sannan a 1998 aka haifi jaririya ta wannan hanya a asibitin Nisa da ke Abuja a hannun Dakta Ibrahim Wada.

Tambayoyin da ke jiran amsa kuwa a ƙofar gida suke, babu mai zuwa daga Landan ya amsa mana su. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Dalma tana ɓuya a cikin ƙashi shekara da shekaru, idan mace ta samu ciki ta fito ta ratsa mabiyiya ta isa ga tayi. 'Yan matan da suka tsira a wancan lokaci yanzu sun isa aure. Wa ke bibiyar cikinsu da 'ya'yansu? Jiƙe-jiƙen da ake ba masu ciki, wanne ne ba ya cutarwa, wanne ne yake taɓa tayi? Maganin feshin da manomi ke ajiyewa a ɗakin kwana, da fiya-fiyan da ake fesawa a rufe ƙofa, me suke yi wa ciki ɗan wata ɗaya? Duniya ta sha darasi mai ɗaci a kan maganin talidomaid, wanda aka riƙa ba masu laulayi daga 1957 zuwa 1961, aka haifi yara sama da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu. Da ƙwan kaza ɗari da injin ƙyanƙyasa mai sola da madubi mai kyau, ɗalibin digiri na biyu a Sakkwato ko Damagaram zai iya fara tantance irin waɗannan abubuwa, kuma aikinsa ya shiga mujallar da ake girmamawa. Makiyayi ma na da rabo: a cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, inda aka samar da kazar Shika Brown, an daɗe ana aikin barbarar shanu ta hannu, kuma inganta farar saniyarmu ta ƙara nono na buƙatar wanda ya san tayi.

Hanyar biyu ce, kowa ya dubi wadda ta dace da shi. Akwai ta bincike, wadda take kaiwa ga digiri na uku da koyarwa. A jami'o'inmu ba lalle ka ga sunan fannin a rubuce a jikin ƙofa ba. Yana cikin sashen ilimin sassan jikin mutum, da na ilimin dabbobi, da sashen haihuwar dabbobi a tsangayar likitancin dabbobi, a irin su Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Maiduguri. Akwai kuma ta asibiti, inda ake koyon zama masanin tayi a cibiyar dashen ciki. Jami'ar Leeds a Ingila da Manipal a Indiya na cikin masu bayar da digiri na biyu a wannan. Mai wannan aiki shi ke karɓar ƙwai daga hannun likita, ya zaɓi maniyyi guda ya cusa shi cikin ƙwai da allurar da ta fi gashi sirantaka, ya rena tayin a zafin digiri 37, ya duba shi a kwana na 3 da na 5, ya daskarar da ragowar a sanyin da ya kai 196 ƙasa da sifili. Ga ma'aurata masu jinin AS su biyu, waɗanda kowane cikinsu ke da haɗarin 1 cikin 4 na zama sikila, shi ne zai ɗebi 'yan ƙwayoyi daga tayin kwana 5 a gwada kafin a dasa. Duk wanda ya taɓa kwana a gaban gadon mai sikila ya san darajar wannan.

Akwai amana a nan da ta fi ƙarfin takardar digiri. Tun 1980 Al-Azhar ta ba da fatawar halaccin dashen ciki matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma aurensu na nan. To wa ke tsare wannan sharaɗi? Mutumin da ke cikin rufaffen ɗaki shi kaɗai da kwanonin reno, yana manna suna a jikin kowanne. Nasabar iyali guda tana hannunsa. Mafi yawan cibiyoyin suna Legas da Abuja, mutanenmu na sayar da gona su tafi can ko Masar ko Indiya, su zauna gaban wanda ba ya jin harshensu. Ina so a ce matar da ta taso daga Gumel ko Maraɗi ta tarar da 'yar uwarta a wannan ɗaki, wadda za ta ce mata, "Yaya, kwantar da hankalinki, naki ne da na maigidanki, ni na rubuta sunan da hannuna."

Ba zan ɓoye muku wahalar ba. Digirin da aka ce shekara biyu na iya kai huɗu. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Sinadaran gwaji da dala ake sayensu, kuma daren da janareta ya mutu zai iya tafiya da aikin wata uku. Albashi ba zai ninka washegarin kare kundi ba. Saboda haka ku shiga da shiri. Ku zaɓi malamin da zai duba aikinku kafin ku zaɓi jami'a: ku karanta abin da ya buga a shekarun nan, ku tambayi ɗalibansa a asirce shekara nawa suka yi a hannunsa, kuma ko yana karanta babi idan an kai masa. Ku nemi hutun karatu a rubuce, kada ku dogara da alkawarin baki na shugaban wurin aiki. Malaman manyan makarantun gwamnati suna da kason horar da ma'aikata na TETFund, ku bi shi har ofis. Akwai tallafin Commonwealth da DAAD na Jamus, kuma Chevening ma sai wanda ya yi aiki aƙalla shekara biyu take ɗauka, wato ku take nema. Ku koyi lissafin ƙididdiga tun yanzu, domin nan ne manyan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ku zauna da iyali a yi maganar kuɗi da lokaci a fili. Maigidan da matarsa za ta koma aji ya sani cewa akwai daren da girki zai makara, kuma ladan abin da za ta yi har da shi.

Waɗanda ba za su iya barin aiki bana ba, kada su ce sai baɗi su naɗe hannu. Ungozoma ta nemi izinin shugabanta da na kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinta, ta buɗe littafi: duk jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe, ko ƙullutun baya, ko lanƙwasasshiyar ƙafa, ta rubuta shekarun uwa, garinsu, watan da ta fara awo, maganin da ta sha, ko akwai zumunci tsakaninta da miji. Irin wannan littafi ya yi ƙaranci a asibitocinmu, kuma bayan shekara ɗaya shi ne za ta ɗora a teburin farfesa ta ce ga abin da nake so in bincika. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya yi haka da sakamakon gwajin maniyyi. Malamin bayoloji ya sayi ƙwai masu zakara kiret ɗaya, ya ari injin ƙyanƙyasa wajen mai kiwon kaji na unguwa, ya buɗe ɗaya kowace safiya a gaban 'yan aji, ya ɗauki hoto da wayarsa, ya rubuta mataki nawa ya gani. Sannan a cikin makon nan ku nemo takardunku na digirin farko daga ƙasan akwati, ku aika a fara neman taransikirif tun da yakan ɗauki watanni, ku rubuta wa malami ɗaya wasiƙa mai sakin layi uku: ga ni, ga aikin da nake yi, ga tambayar da ta hana ni barci.